Ranar da Ɗayyabu Ya Ɗaure Rago da Intanet

A unguwarmu ta Yalwawa da ke Dutse, babu wanda ya san ranar da aka naɗa Ɗayyabu injiniya. Kano ya tafi koyon kwamfuta, bai kai ga gamawa ba ya dawo da tabarau marar magani da wata sukudireba mai ɗan fitila soke a aljihun gaba, ya ce daga yau Injiniya za a riƙa ce masa. Muka ce masa, tunda faɗar ba ta sa ciwon baki. Rediyon da duk ya buɗe bai sake magana ba. Fankar masallacinmu da ya gyara kuwa har yau silin take yi wa fifita, masallata suna ƙasa suna haɗa gumi.

Shekarun nan ne da shari'a ba ta daɗe da kankama ba, wayar salula sai a hannun manya, intanet kuma wuri ɗaya take a duk unguwar, wato shagon Faisal da ke bakin layi. Wani ƙaton faranti ne a saman kwano, da akwati manne a bango, sai wata shuɗiyar waya da ta taso daga akwatin ta shiga bayan babbar kwamfuta. Nan Ɗayyabu yake wuni. Ba aiki aka ɗauke shi ba, amma duk wanda ya shigo sai ya tsaya masa a ka yana koya masa abin da ya riga ya iya.

Abu ɗaya ne yake ci wa Ɗayyabu tuwo a ƙwarya: ba shi da takwara. Sa'o'insa kowa an yi masa, har Barau mahauci da ba ya iya rubuta sunansa yana da yara biyu masu amsa sunansa na yanka. Shi kuwa Injiniya guda, ko a ƙauye ba a taɓa tunawa da shi ba. Abin yana yi masa ciwo ƙwarai, duk ranar suna sai ka gan shi ya karɓi goro fuska a murtuke.

Ana nan sai Munira ta haifi namiji. Mijinta Abdurrahim, ɗan kawun Ɗayyabu, yana can Malesiya wajen karatu. Ya aiko cewa tunda bai ga haihuwa ba, a bar masa abu ɗaya: ranar suna shi zai faɗa wa liman sunan ɗansa da bakinsa, kamar yadda kowane uba yake yi. Da suke hira da Ɗayyabu ta kwamfuta kuma ya ce masa, "Kai dai ka tabbata kana wurin, sunan zai yi maka daɗi."

Shi ke nan, Ɗayyabu ya haukace. Kafin la'asar ya kai wa tela yadi an ɗinka 'yar riga, an zana mata "Ɗayyabu Ƙarami" da zare ruwan gwal a ƙirji, ya aika gidan mai jego.

Faisal ya kawo shawara mai sauƙi. Ya ce da an idar da sallar asuba, Alhaji Mammadu, kakan jaririn, ya taho da liman shago, su sa abin ji a kunne, Abdurrahim ya faɗi suna, su koma ƙofar gida a yi addu'a.

Ɗayyabu ya dube shi ta saman tabarau. "Haba Faisal. Liman guda da rawaninsa ya shigo nan ya zauna a kujerar roba kamar mai neman sakamakon jarrabawa? Kai fa har yanzu a zamanin waya kake."

"To a zamanin me ake?"

"Iska." Ya zaro wasu 'yan abubuwa biyu daga aljihu, kowanne bai fi ɗan yatsa ba. "Bulutut ke nan, daga Kano na sayo. Ɗaya a jikin kwamfutarka, ɗaya a jikin laftof ɗin da zan aro. Intanet ta tashi daga shagonka ta bi iska ta sauka ƙofar gidan Kawu. Ko Ringim na ga dama sai na kai ta."

"Na ji an ce abin nan ba ya nisa."

"A hannun wanda bai iya ba."

Faisal yana da ɗaurin aure a Kafin Hausa ana gobe suna, a can zai kwana. Ya miƙa masa makulli yana jan tsaki. "Ka kunna, ka kashe. Ban da wannan kada ka taɓa min komai."

Ranar suna gari na wayewa an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan Alhaji Mammadu, wanda yake can ƙarshen layi. Dattawa sun zauna, ma'aikatan sakatariya sun tsaya da 'yan jakunkunansu suna son a yi a gama su wuce ofis. Ga goro da dabino a faranti, ga rago fari ƙato ɗaure a gindin darbejiya, Barau yana gefe yana wasa wuƙa. Liman Malam Sani, tsoho mai sanyin hali, ya gyara zama. Sai ga Ɗayyabu cikin shadda mai sitati, ya ɗora laftof a kan turmi da aka kifa, ya yi gyaran murya.

"Jama'a, abin da za ku gani yau ko a Abuja ba a fara shi ba. Ku shaida wa jikokinku."

Ya danna, ya sake dannawa. Ɗan fitilar da ke jikin bulutut ya ƙi ko motsi.

"Injiniya, ya iso?" in ji Barau.

"Yana hanya."

"Ko a aika acaɓa ya ɗauko shi?"

"Wuƙarka ce take kore shi. Ƙarfe yana jan sigina. Mayar da ita kube."

Barau ya mayar da wuƙa, ba abin da ya canza. Ɗayyabu ya ɗaga kai ya harari darbejiya, ya ce ganyenta ya yi yawa. Ya sa wani ya kashe rediyonsa. Ya sa masu agogon ƙarfe suka tura hannu cikin aljihu. Daga ƙarshe ya durƙusa gaban Alhaji Mammadu.

"Kawu, a ɗan matsa gaba kaɗan. Katangar gidan ce ta tsufa, tana shanye shi."

Alhaji Mammadu ya dube shi, ya dubi katangar da ya gina da guminsa, ya miƙe. Aka naɗe tabarmi, aka ɗauki farantan goro, aka kamo hannun liman. Barau ya kwance rago ya jawo shi. Aka sake shimfiɗa a ƙofar shagon tela.

Nan ma shiru.

"A ƙara matsawa."

Aka tsallaka kwata, dattawa suna tattare babbar riga. Aka sauka daidai inda Zinariya take suyar ƙosai, matar da duk unguwar ake shakkar bakinta. Ta daina juya ƙosai ta riƙe ƙugu.

"Yau kuma me nake gani? Alhaji, gidan aka sayar ne ake suna a titi?"

"Ki tambayi Injiniya," in ji Alhaji.

"Iya Zinariya, hayaƙinki ne yake toshe min hanya," in ji Ɗayyabu. "Ki rage wuta."

"In rage wuta? Kai da ka taɓa fankar masallaci ta koma yi wa gizo-gizo fifita? Ka rage kanka dai, ya fi hayaƙina girma."

Aka kwashe da dariya, har liman sai da ya sa hannu ya rufe baki. Ɗayyabu ya hau bencin masu cin ƙosai, ya ɗaga laftof sama da hannu biyu yana juyi gabas da yamma. Ƙafar benci ɗaya ta nutse a laka, ya tafi zai kifa, Allah ya sa wani malamin makaranta ya tare laftof ɗin. Shi kuwa ba wanda ya tare shi. Ya tashi gwiwar shadda ta yi dumu-dumu, ya kakkaɓe ya ce da ma gwajin ƙasa yake yi.

Haka aka riƙa tafiya, a shimfiɗa a naɗe, a shimfiɗa a naɗe, kamar masu gudun ambaliya. Rago yana turjewa, Barau yana ja yana mita. Sai da taron suna gaba ɗaya ya iso jikin tagar shagon Faisal, har turmin yana taɓa bango, sannan ɗan fitilar ya fara ƙiftawa shuɗi.

"Allahu Akbar!" Ɗayyabu ya daka tsalle. "Kun gani? Babu waya! Ku duba da kyau, akwai waya tsakanina da shagon nan?"

"Ai ko tafin hannu babu tsakaninka da shagon," in ji Barau. "Da ka miƙa wuya ta taga ma ka huta."

Laftof ta yi ƙara, sai ga murya siririya kamar daga cikin tulu. "Salamu alaikum. Kuna ji na?"

Wuri ya kaure da amsa sallama. Wani dattijo ya taso zai leƙa ya ga inda yaron yake, yana giftawa tsakanin taga da turmi murya ta ɗauke.

"Baba koma! Kada wanda ya sake giftawa! Kada wanda ya motsa!"

Tsoho ya koma, murya ta dawo. Mutane suka ƙame kamar ana ɗaukar hoto, liman da hannunsa ɗaya a sama yana shirin korar ƙuda ya bar shi a nan.

Zinariya kuwa tuni ta bar kasko ta ruga gidan suna da labari. Kafin a ankara sai ga mata sun fito ɗuu, Hajja Kubura a gaba. Abdurrahim ɗanta ne na fari, ba ta faɗar sunansa, ko zancensa aka yi kau da kai take yi. Amma yau ta ture maza biyu da gwiwar hannu ta iso gaban turmi.

"Ni ba wani abu ya fito da ni ba," in ji ta. "Cewa aka yi yaron nan yana cikin akwati, na zo in ga ƙarya."

Wurin da murya take fita ɗan ƙanƙani ne, kowa kuma so yake ya ji, sai maza da mata suka cakuɗe a jikin taga. Malam Jaji, maƙwabcinmu ɗan Hisba, wanda tun ɗazu yake haɗiye magana, ya kasa daurewa.

"Subhanallahi! A gaban liman? Mata su koma can bayan kwata."

"Daga can me za mu ji?" in ji Zinariya.

"To a sa labule."

"Labule zai tare sigina!" Ɗayyabu ya yi ihu.

"Sigina ta fi shari'a ne?"

Ɗayyabu ya buɗe baki, ya tuna da wa yake magana, ya rufe. Aka samo tabarma ɗaya aka tsayar da ita a tsakiya, mutum biyu suna riƙe da ita, mata suna leƙe ta sama da ta ƙasa. Malam Jaji ya ce hakan ya fi babu.

Alhaji Mammadu ya sunkuya kan turmi. "Abdurrahim, muna jinka."

To, Abdurrahim yaro ne mai tarbiyya, ya kuma daɗe bai ji muryar gida ba. Ba zai faɗa kan magana haka kawai ba.

"Baba, ina kwana? An tashi lafiya? Ya gida? Ya ƙafar taka?"

"Lafiya lau, alhamdu lillahi. Ga Malam yana jira."

"Allah ya gafarta Malam, ina kwana? Ya iyali? Ya jama'a? Ya aka ji da hidimarmu?"

Liman ya amsa ɗaya bayan ɗaya, shi ma ya tambayi karatu da ruwan ƙasar. Abdurrahim ya nemi Hajja, ta ce daga bayan tabarma, "A ce masa ina amsawa," alhali hawaye ya wanke mata fuska. Ya tambayi mai jego. Ya tambayi gwaggonsa ta Ringim. Ya yi wa tela ta'aziyyar rasuwar da aka yi bara. Ɗayyabu yana tsaye yana murza hannu, gumi yana bin wuyansa, yana raɗa, "Sunan, sunan, ka faɗi sunan."

Ana cikin gaisuwar nan ragon ya gaji. Igiyarsa da ma tsohuwa ce, jan da aka yi ta yi mata tun daga gindin darbejiya ya cinye ta. Ya fizga sau ɗaya ta tsinke. Ya tunkuyi masu riƙe da tabarma, labulen Malam Jaji ya faɗi a kan mata, farantin goro ya watse a kwata. Barau ya yi kukan kura ya cafke ƙahonnin, suka dinga zagaye turmi shi da rago, duk giftawar da suka yi murya ta ɗauke ta dawo.

"Igiya! A ba ni igiya!" Barau ya yi ihu.

Liman ya ga abin zai lalace, ya kai kunnensa kusa da laftof. "Abdurrahim, wane suna ka zaɓa wa yaro?"

"To, Allah ya gafarta Malam, na daɗe ina tunani a kan wannan, domin akwai mutumin da..."

Rago ya sake giftawa. Ɗayyabu ya ga takwaransa yana shirin salwanta saboda dabba. Ya waiga neman igiya, idonsa ya faɗa ta taga kan shuɗiyar wayar nan da ta taso daga akwatin bango zuwa bayan kwamfuta, doguwa, mai ƙwari. Ya zura hannu ya cire wannan kai, ya fizge wancan, ya jawo ta waje ya cilla wa Barau.

"Ungo, ɗaure shi! Ita kam ta gama aiki, mu yanzu a iska muke!"

Barau ya kayar da rago ya ɗaure ƙafafunsa tamau. Wuri ya lafa. Liman ya sake kai kunne.

Shiru.

"Abdurrahim?"

Shiru, sai kukan rago.

"Yana nan," in ji Ɗayyabu. "Ku dubi fitila, tana ƙiftawa. Numfashi yake yi."

Fitila kam tana ƙiftawa abinta, domin bulutut ɗin nan biyu suna ganin juna sarai, sai dai babu abin da za su miƙa wa juna. Kamar ka toshe rijiya ne ka tsaya kana yabon guga. Amma je ka faɗa wa Injiniya. Ya kashe laftof ya kunna. Ya zare bulutut ya hura masa iska ya goge a hula. Ya zaro sukudirebarsa ya taɓa nan ya taɓa can. Ya ce hadari ne a Malesiya. Ya ce Malam Jaji ne ya tsaya a kan hanya, Malam Jaji ya matsa, ya ce to inuwarsa ce.

Rana ta ɗaga. Ma'aikata suka fara zamewa ɗaya-ɗaya. Ƙosan Zinariya da ta bari a kasko ya zama gawayi, tana ta zazzaga masifa. Liman yana da jana'iza a wata unguwa, amma yana nan zaune a rana a bakin kwata yana jan carbi.

Alhaji Mammadu ya miƙe, ya kakkaɓe rigarsa. Ransa ya gama ɓaci.

"Ya isa. An fito da ni daga ƙofar gidana, an zagaya da ni unguwa kamar mai tallan magani, an zubar min da goro. Jikana ba zai wuni babu suna ba."

"Kawu, minti kaɗan..."

"Rufe min baki." Ya juya wajen liman. "Allah ya gafarta Malam, duk taron nan ban ga wanda ya kai ka haƙuri ba. Ina so yaron nan ya ɗauko halinka. Sunanka za a sa masa."

Aka ɗaga hannu aka yi addu'a, aka shafa fatiha. Aka sanar da ƙarfi cewa yaro ya ci suna Muhammadu Sani, mata suka rangaɗa guɗa. Alhaji ya ce ba mai sake jan rago zuwa ko'ina, a yanka shi a nan. Barau ya yi bisimilla ya yanka.

Ana cikin fiɗa sai ga Faisal a kan acaɓa, dawowarsa ke nan daga Kafin Hausa. Ya ga taro a jikin shagonsa, ya ga jini a ƙasa, sannan ya ga abin da ke ɗaure a ƙafar rago.

"Wayata ce wannan?"

"Injiniya ne ya ce ta gama aiki," in ji Barau. "Gaskiya tana da kyau, ko zamewa ba ta yi."

Faisal bai ko dubi Ɗayyabu ba. Ya kwance wayarsa, ya goge ta da tsumma, ya shiga shago ya mayar da kowane kai mazauninsa, ya danna wani abu. Nan take laftof da ke kan turmi ta yi ƙara, murya ta fito tar, ta fi ta ɗazu ƙarfi, kowa yana ji har bayan kwata.

"...kuna ji na? Tun ɗazu nake ta faɗa! Na ce Ɗayyabu! A sa masa Ɗayyabu, saboda ɗawainiyar da ɗan'uwana ya yi don in ji muryarku yau!"

Barau ya tsaya da wuƙa a hannu da rabin fata a ɗaya hannun. Sai Zinariya ta fashe da wata irin dariya har tana dafa bango, daga nan kowa ya ɓarke.

Ɗayyabu ya zube gaban Alhaji Mammadu, tabarau ya karkace. "Kawu, kun ji da kunnenku! Uban yaro ne ya faɗa! A sake, don Allah a sake, ai ba a watse ba!"

"Rago ɗaya na saya," in ji Alhaji, "ga shi can ana fiɗa." Ya sunkuya kan turmi. "Abdurrahim, ɗanka Muhammadu Sani yana gaishe ka. Ɗan'uwan naka zai yi maka bayani, shi ne injiniya."

Ya sa takalminsa ya kama hanyar gida, jama'a suka bi shi da tabarmi a ka.

Da yamma Hajja Kubura ta aiko wa Ɗayyabu da kason namansa, tare da 'yar rigar nan a ninke. Ta ce yadin yana da kyau, ba za a yi asararsa ba, a cire rubutun a mayar mata. Tela ya ce shi ɗinki ya iya, ba ya warware aikinsa. Haka muka wuce bayan la'asar muka ga Injiniya zaune a dakalin shagon Faisal, inda aka hana shi shiga, ya sunkuyar da kai yana tsince zaren gwal ɗaya bayan ɗaya da bakin sukudirebarsa. Tunda ya dawo da ita daga Kano, ranar muka fara ganin ta yi aiki.